Kullum muna tare a guruf, amma ƙanina ya yi sati uku a asibiti ban sani ba

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, abin ne ya tsaya min a rai tun jiya ko barcin kirki ban yi ba. Ƙanina da yake bi na yau shekararsa shida a Kanada. Muna da guruf na gida a WhatsApp, mu goma sha huɗu, kuma wallahi ba a wayi gari an kai dare ba a yi magana a ciki ba, wannan ta turo hoton yara, wancan ya turo saƙon murya, shi kuma duk abin da aka turo sai ka ga ya danna alamar zuciya ko ta dariya a ƙasa. To jiya matar wani abokinsa ta kira ni a kan wata magana daban, muna cikin hira sai ta ce ya jikin ƙanin naki, ai mun ji daɗi da aka sallamo shi. Na ce aka sallamo shi daga ina? Sai ta yi shiru. Ashe sati uku ya yi a kwance a asibiti, har aiki aka yi masa a ciki, kuma duk gidanmu babu wanda ya sani.

Da ta ajiye waya na koma guruf ɗin na dinga bin ranakun ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka shiga da shi tiyata, da safen nan, ya danna zuciya a hoton 'yata da ta saka kayan makaranta. Sai na buɗe jerin kira na duba, rabon da na ji muryarsa kai tsaye wata bakwai cur, ni kuma da za a tambaye ni shekaranjiya sai in rantse kullum muna tare. Har yanzu ban kira shi ba don ban san da wane baki zan fara ba, ga haushi ga kunya. Ni dai tambayata ita ce, wayar nan haɗa mu ta yi ko rufe mana ido ta yi?

Gwaggo:
Wa alaikumus salam. Allah sarki 'yata, Allah ya ƙara masa lafiya ya sa kaffara ne. Ni da na karanta sai da na yi hawaye. Lokacin da maigidana ya tafi karatu waje, wasiƙa ce, sai ta yi sati uku wani lokacin wata guda kafin ta iso, daga baya muka koma yin magana a kaset ana ba matafiyi ya kai. Wahala ce ba kaɗan ba, ba zan ce da ta fi yanzu ba. Amma abu ɗaya, a lokacin mun san ba mu sani ba. In wasiƙa ta yi jinkiri hankalin kowa ya tashi, a shiga cigiya. Kuma in ya zauna rubutu sai ya cika shafi huɗu, har murar da ya yi sai ya faɗa, don ya san ba zai sake samun dama ba sai bayan wata. Yanzu kuwa kuna ganin ɗan koren nan yana nuna mutum yana onlayin sai ku ce ai lafiya lau yake. Zumunta a ƙafa take, in ƙafa ba ta kai ba ko murya ce a ji.

Direban Dare:
Gwaggo Allah ya ƙara girma, Anti Uwar Biyu sannu da wannan tashin hankali. Amma ku bar ni in yi magana a madadin mu da muke waje, don in aka bar zancen a haka za a ɗora wa waya laifin da ba nata ba. Ni shekarata tara ba na gida, aikin dare nake yi, lokacin da nake tashi daga aiki ku kuna tsakiyar barci ko kuna shirin fita, in na farka kuma ku kun gaji. Ba don wayar nan ba da ɗana bai san fuskata ba, gaskiya ce wannan. An haife shi bayan tafiyata da wata huɗu, ta bidiyo na ga ya fara rarrafe, ta bidiyo na ga haƙorinsa na farko, yana ɗaga min leɓe da yatsa yana nuna min.

Maganar ɓoye ciwo kuma, Anti, ni ma na taɓa yi. Na kwanta kwana goma ban faɗa wa kowa ba. Ba don ban damu da su ba, sai don na san in na faɗa mahaifiyata ba za ta runtsa ba, kuma babu abin da za ta iya yi min daga nesa sai kuka. Ga wani abu kuma da ba a cika faɗa ba, in kai ne kake turo kuɗi gida duk wata to ba ka da ikon yin rashin lafiya, kana cewa na kwanta abin da zai fara faɗo wa wasu a rai shi ne to wannan watan fa? Don haka sai ka danna dariya ka ja bargo. Da zamanin wasiƙa ne ma ɓoyewa zan yi.

Uwar Biyu:
Ƙanina Direban Dare maganarka ta shige ni, musamman ta kuɗin. Na sake dubawa yanzu, saƙonni uku na ƙarshe da na tura masa shi kaɗai ba a guruf ba, duka ukun maganar kuɗin makarantar ƙanwarmu ce. Ko ya kake ban rubuta ba sai a farkon na ukun, shi ma a gajarce.

Malam Mai Alli:
Salam. Hajiya ki daina ɗora wa kanki duka laifin, abin da ya same ki yana samun miliyoyin gidaje. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2020 ta nuna mutum miliyan 281 ne suke zaune a wata ƙasa da ba a cikinta aka haife su ba, kuma kuɗin da irin waɗannan suke aikawa ƙasashe masu tasowa ya haura dala biliyan 600 a shekara a lissafin Bankin Duniya, Indiya kaɗai ta karɓi sama da biliyan 100 a 2022. Bayan kowane ɗaya daga cikinsu akwai uwa ko mata ko yaya irinki da take riƙe da waya. A Filifin akwai mata da yawa da suke renon 'ya'yan wasu a ƙasashen Larabawa da Hong Kong, nasu 'ya'yan kuma ta kiran bidiyo suke duba musu aikin gida na makaranta. Wato neman abinci ya watsa iyali a duniya, sannan waya ta zo tana ɗinke ɓarakar, amma ɗinkin ba ya kai wa ko'ina.

Akwai wani masani ɗan Ingila, Robin Dunbar, da ya yi nazari tun farkon shekarun 1990 ya ce mutum ba ya iya riƙe alaƙa mai ma'ana da fiye da mutum 150 ko kusa da haka, kuma su ma hawa-hawa ne, kamar biyar na jikinka sosai, sai sha biyar, sai hamsin, sai sauran. Abin da ya fi ja min hankali a bayaninsa shi ne biyar ɗin nan ba da jini kaɗai ake zama a cikinsu ba, da lokaci ake zama, in ka daina ba mutum lokaci a hankali yake zamewa zuwa layin baya ko da ciki ɗaya kuka fito. To ga Facebook yana ba ka damar abokai 5,000, guruf ɗin WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024, amma awannin yini suna nan 24 ba a ƙara ko ɗaya ba. Lokacin da za ka ba mutum biyar sai ka yayyafa wa ɗari biyar.

Auta:
Malam ni dai da girmamawa ban yarda da komai ba. Mu da muka taso da waya a hannu ba haka muke ganin abin ba. Babbar ƙawata a duniya ban taɓa ganinta ido da ido ba, a wani guruf na masu koyon zane a kwamfuta muka haɗu shekara uku da suka wuce, tana Indonesiya, kuma lokacin da mahaifina ya rasu ita ce ta zauna da ni a waya har asuba kusan sati guda, alhali wasu da muke gida ɗaya da su ko ya kike ji ba su tambaye ni ba. To wannan ba zumunci ba ne? Don ba ta taka da ƙafa ba?

Gwaggo:
Allah ya jiƙan mahaifinki Auta. Zumunci ne mana 'yar nan, wa ya ce ba shi ba ne. Amma ki lura da abin da kika faɗa da bakinki, ZAMA ta yi da ke har asuba. Barcinta ta ba ki. Ba alama ta danna ta wuce ba.

Injiniya:
Gwaggo ta taɓo inda nake so in yi magana. Ni aikina kenan haɗa manhajoji, kuma ina so mutane su gane waɗannan ƙananan abubuwan da muke dannawa ba daga sama suka faɗo ba, zama aka yi aka tsara su. Facebook ya fara a 2004 babu maɓallin layik, sai 2009 aka saka. WhatsApp ya fito 2009, Facebook ya saye shi a 2014 kan dala biliyan 19, a shekarar ne kuma aka kawo shuɗin layi biyun nan da ke nuna an karanta saƙo. Sitatus ya zo 2017, danna alama a ƙarƙashin saƙo irin wadda ƙanin Anti yake yi kuma sai 2022. Ku duba jerin nan da kyau, kowanne yana rage wahalar amsawa ne. Da sai ka kira, aka dawo sai ka rubuta, yanzu yatsa ɗaya ya wadatar, mutum yana kan gadon asibiti da ƙarin ruwa a hannu ɗaya zai iya yi da ɗayan. Kuma ta wani ɓangaren taimako ne, ban musa ba. Sai dai a da wahalar da ka sha kafin ka isa wurin mutum ita ce take gaya masa matsayinsa a wurinka, kuma a cikin wahalar ne kake ganin abin da bai yi niyyar nuna maka ba. Labarin zuciya a tambayi fuska. Alamar zuciya ba ta rama, ba ta tari, muryarta ba ta rawa.

Sannan kar mu manta kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, kusan duk kuɗin da yake samu daga talla ne, abin da yake aunawa shi ne minti nawa ka yi idonka a kan sikirin. Ko ka fita daga ciki kana jin ka kusanci ɗan uwanka ko ba ka ji ba, wannan ba ya cikin lissafin da ake kai wa masu hannun jari.

Direban Dare:
Injiniya na ji, amma ni fa shuɗin layin nan ya fi komai ci min rai. Ka dawo daga aiki ƙarfe shida na safe idonka kamar an zuba yashi, ka buɗe saƙo don ka tabbatar ba mutuwa aka yi ba, barci ya kwashe ka, kana farkawa ka tarar da "ka gani ka share ni ko, to don kana waje". Na taɓa yin wata biyu ba ma magana da yayata a kan haka. Mutane suna cewa kowa ya bar gida gida ya bar shi, to mu gida bai bar mu ba, yana aljihunmu dare da rana, amma kuma ba ma cikinsa. A nan ma ba mu zama 'yan gari ba, don duk lokacin da ya kamata in fita in san maƙwabcina ina kan waya da gida. Shekara huɗu a gini ɗaya da mutumin da ke ƙofar da ke kallon tawa, sunansa ban sani ba sai da ya kulle kansa a waje ya zo aron caja.

Nas Mai Haƙuri:
Wannan magana ta ƙarshe ita ce nake gani a wurin aiki kullum. Ina aikin jinya a ɓangaren tsofaffi da masu doguwar jinya, kuma wallahi akwai mara lafiyar da wayarsa ba ta minti biyar ba ta yi ƙara ba, saƙonnin Allah ya ba da lafiya sun fi ɗari, amma lokacin ziyara ya zo ya wuce kujerar gefen gadonsa babu kowa. Akwai wani dattijo da na yi jinya, 'ya'yansa huɗu kowanne da ƙasar da yake, sun haɗa masa kiran bidiyo kowace Lahadi su huɗun a sikirin ɗaya. Kafin lokacin ya yi sai ya ce in taimaka masa ya zauna sosai, in gyara masa hula, in janye robar iskar daga hancinsa na minti goma, in matsar da sandar ƙarin ruwa inda kyamara ba za ta kama ba. Su yi ta dariya ana Baba ka yi kyau, Baba ka murmure. Ana kashewa sai ya sulale a kan filo yana haki. Na ce Baba me ya sa ba za ka bari su ga halin da kake ciki ba, ya ce 'yata tikitin jirgi tsada, kuma aikinsu ba a ba su hutu. Don haka Anti Uwar Biyu ko da bidiyo kika kira ƙaninki zai iya ɓoye miki, amma dai da wuya ya kai sati uku.

Kuma wannan kaɗaici yanzu hukumomi sun ɗauke shi a matsayin matsalar lafiya. Birtaniya ta naɗa ministar kula da kaɗaici a 2018, Japan ta yi nata a 2021, a 2023 babban likitan gwamnatin Amurka Vivek Murthy ya fitar da gargaɗi yana cewa illar rashin cuɗanya da mutane ga jiki ta kai ta shan sigari 15 a rana. Ƙasashe ne fa da intanet ɗinsu ba ya yankewa.

Malam Mai Alli:
Allah ya saka da alheri Nas, labarin dattijon nan ya taɓa ni. Amma don adalci bari in ƙara wani abu da zai goyi bayan Auta. A 1973 wani masanin zamantakewa a Amurka, Mark Granovetter, ya gano cewa mutane sun fi samun labarin aiki ta hannun waɗanda suka sani sama-sama fiye da ta hannun aminansu, dalili kuwa aminanka abin da ka sani shi suka sani, wanda kuke gaisawa daga nesa shi yake da labarin da bai iso da'irarka ba. To a wannan fannin intanet ba ta da na biyu. Tsohon ɗan ajinku da rabonku shekara ashirin, wanda kuka haɗu sau ɗaya a taro, duk suna nan ba su ɓace ba, kuma ta hanyarsu mutane suke samun aiki da gurbin karatu da kasuwa. Ni kaina ɗalibaina biyu ta haka suka samu tallafin karatu. Matsalar da nake gani ita ce mun ɗauki kayan aikin da ya dace da na nesa mun shiga amfani da shi a kan na jiki, uwarka da wanda kuka haɗu a taro duk alama ɗaya kake danna musu.

Auta:
To wannan na yarda Malam. Nima in na duba, ƙawar tawa ba a guruf muke hirar kirki ba, kira muke yi.

Ɗan Kasuwa:
Ni fa ku yi haƙuri zan ɗan karkata. Guruf ɗin gidanmu ba shiru ne ya kashe shi ba, surutu ne. Wani kawunmu kullum sai ya turo bidiyo da dogayen saƙonnin da aka yi ta turawa, yau maganin kaza gobe makircin ƙasa kaza, wani ɗan yayana da ya yi karatu ya ce masa Kawu wannan ba gaskiya ba ne ga hujja, a gaban mutum arba'in. Kawu ya ji an ci masa fuska ya fita. 'Ya'yansa suka bi shi. Yau shekara biyu gida ya rabu biyu, guruf biyu, kuma da a zaune ake a falo yaron nan ba zai taɓa faɗa masa haka gatsal ba, zai jira a watse ya same shi a gefe ya rage murya. Rubutu ba shi da ladabin murya, ka rubuta da kyakkyawar niyya a karanta da faɗa.

Injiniya:
Wannan matsalar kamfanin da kansa ya san da ita. Bayan jita-jitar satar yara da aka yaɗa ta WhatsApp ta jawo kashe mutane a Indiya a 2018, sai suka taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar kawai a lokaci guda, a 2019 suka faɗaɗa dokar ga duniya baki ɗaya, suka kuma saka tambarin da ke nuna saƙo turo shi aka yi. Ya rage gudu amma bai hana kawu ya yarda da abin da amininsa ya turo masa ba, don ba saƙon ya yarda da shi ba, mutumin ya yarda da shi. Shi ya sa in ka ƙaryata saƙon sai ya ji kamar amininsa ka zaga. Shawarata Ɗan Kasuwa, in za a gyara wa babba a bi shi ta bayan fage, kuma da murya.

Ɗan Kasuwa:
Haka ne. Yaron ma ya yi nadama, ya rubuta ban haƙuri har sau biyu, Kawu ya karanta bai amsa ba. Na ce masa ya daina rubutu ya tashi ya je.

Gwaggo:
Ya je ɗin. In ya ga yaron a tsugune a gabansa zuciyarsa za ta yi sanyi, babba ba ya ƙin wanda ya tako. Ni abin da yake damuna kuma jikokina ne. Uku suna Ingila, ana ba su waya a ce ku gaida Gwaggo, su ɗago hannu su ce hello su ruga, Hausar ma ba ta zauna a bakinsu ba ni kuma Turancina bai kai na hira ba. Sai na ce wa uwarsu ta daina kira na don gaisuwa kawai, ta jingina wayar a kicin ta ci gaba da aikinta ni ma ina nawa. Yanzu sai mu yi awa guda a haka, ba lallai a yi magana ba, ina jin ƙarar cokali, ina jin tana yi wa ƙaramin faɗa ya sauko daga kan kujera, shi kuma ya zo ya leƙa ya nuna min abin wasansa ya koma. A haka ya fara kama kalma ɗaya biyu. A haka kuma na gane wata rana ba ta da lafiya, don na ga tana dafa bango in za ta miƙe, ita ba ta faɗa ba.

Nas Mai Haƙuri:
Gwaggo wannan dabarar zan ba iyalan marasa lafiyata wallahi. Kira na minti goma mutum zai iya daurewa ya yi kwalliya, awa guda ba zai iya ba.

Direban Dare:
Zan gwada da ɗana ranar hutuna, yana aikin makaranta ina gefe. Kuma gaskiya zan ƙwanƙwasa wa maƙwabcin nan ƙofa, don in na faɗi a ɗakin nan yau shi ne zai iya ɗaga ni, mutanen guruf sai dai su ga na daina onlayin. Kun tuna ranar 4 ga Oktoba 2021 da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida? Ranar na gane lambar mutum uku kacal na haddace a kaina, kuma na zauna a mota ban san wa zan nema ba a garin da na shekara biyar a lokacin.

Malam Mai Alli:
Na tuna ranar sosai. Kuma mu tuna a 2024 akwai mutum wajen biliyan 2.6 a duniya da ba sa hawa intanet kwata-kwata a ƙiyasin hukumar sadarwa ta duniya, yawancinsu tsofaffi da mutanen karkara da mata. A cikin kowane dangi akwai irinsu, kuma tunda aka mayar da sanarwar komai guruf su ne ake mantawa, a yi haihuwa a yi rasuwa sai daga baya wani ya ce af, ba a gaya wa wance ba. A gidanmu mun sa yaro ɗaya aikinsa kenan, duk abin da aka sanar a guruf ya kira mutum huɗun da ba su da babbar waya ya faɗa musu da baki.

Uwar Biyu:
'Yan uwa na gode, na gode ƙwarai, duk na karanta wasu ma sau biyu. Na kira shi ɗazu bayan na karanta na Nas. Sau biyu bai ɗauka ba, ya rubuto Yaya ina zuwa, na ce a'a ɗauka za ka yi yanzu kuma bidiyo. Da ya ɗauka wallahi ban san lokacin da na fashe da kuka ba, ya rame har ƙashin wuyansa ya fito, yana zaune da filo a ciki yana riƙe da shi in zai yi tari. Duk faɗan da na shirya ban yi ko ɗaya ba. Ya ce Yaya na ga Mama da hawan jini, ke kuma ga hidimar yara, na ce in na warke na faɗa. Na tambaye shi wa ya kula da kai, ya ce wani abokin aikinsa ɗan Filifin ne ya kai shi asibiti cikin dare ya sa hannu a takardu, shi yake kawo masa abinci har yanzu. Na ce ya ba ni lambarsa in yi masa godiya da bakina.

Mun yi awa ɗaya da minti arba'in. Rabin lokacin ma ba magana muke ba, na jingina wayar kamar yadda Gwaggo ta ce ina ninke kayan yara shi yana shan magani. Mun yi da shi gobe zai gaya wa Mama da kansa ina kan layi, don kar ta ji a bakin wani kamar yadda na ji.

Gwaggo:
Alhamdulillah. Ki fara zuwa wurin Maman taku ki zauna kusa da ita kafin ya kira, kar ta ji tana ita kaɗai, kuma ki tabbatar ta sha maganinta tun da safe.

Uwar Biyu:
In sha Allah Gwaggo, da sassafe zan tafi. Nas don Allah in ba damuwa zan bi ki ta gefe, akwai abin da ya ce likita ya hana shi ci bayan aikin ban gane ba sosai.

Nas Mai Haƙuri:
Ba komai Anti, ina dutin dare yau, ki kira ni bayan ƙarfe tara kafin in fara zagayen magani. Ki ce ya ɗauki hoton takardar sallamar ya turo miki sai mu duba tare.